Na gama kashi 36 na anime ɗin Myne: daga ina zan ɗora, manga ko littafi?

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Honzuki no Gekokujou, wanda aka fi sani da Ascendance of a Bookworm. Na kalli zango uku na anime ɗin, wato fim ɗin zane na Japan, har inda Myne, jarumar labarin, ta rabu da iyayenta aka sauya mata suna. Ina so in ci gaba, amma abin ya ɗaure mini kai. Wani ya ce in nemi manga, wato littafin labari cikin zane, wani ya ce littafin rubutu, kuma lambobin da ke jikinsu duk iri ɗaya ne. Daga ina zan ɗora? Don Allah kada a tona mini abin da ke gaba.

Mai gudanarwa: Wa alaikumus salam. Kafin a fara: abin da ke Sashe na 1 da na 2 na littafin a buɗe yake, tunda anime ya riga ya nuna. Daga Sashe na 3 zuwa sama, duk wanda ya tona zan goge saƙonsa. Bismillah.

Malam Habu: Ƙanwata, bari a fara warware lissafin, don a nan mutane ke ɓacewa. Miya Kazuki ce ta rubuta labarin a shafin Shosetsuka ni Naro, inda marubutan Japan ke sakin labari babi-babi kyauta, daga 2013 zuwa 2017. Kamfanin TO Books ya fara buga shi a 2015 da zanen You Shiina, aka kammala a ƙarshen 2023 da littafi 33. Sashe biyar ne. Na farko littafi 3, na biyu 4, na uku 5, na huɗu 9, na biyar 12.

Anime ɗin da kika kalla kamfanin Ajia-do ne ya yi shi, Mitsuru Hongo ya ba da umarni. Zangon 2019 kashi 14 ne, ya cinye Sashe na 1 gaba ɗaya. Zangon 2020 kashi 12, littafi na 1 da na 2 na Sashe na 2. Zangon 2022 kashi 10, littafi na 3 da na 4. Ke nan littafi 7 kika kalla cikin 33, kuma inda kashi na 36 ya tsaya, nan Sashe na 3 littafi na 1 ya ɗauka. Shi Sashe na 3 a anime hannun Wit Studio aka danƙa shi, ba Ajia-do ba. Akwai kuma gajerun kashi biyu na musamman da suka fito tsakanin zangon farko da na biyu, ɗaya kan Justus da ya ɓad da kama ya shiga unguwar talakawa, ɗaya kan ziyarar gidan Corinna. Mutane da yawa ba su san da su ba.

Bashir: Malam ya gama magana. Sashe na 3 littafi na 1, ki wuce kai tsaye. Littafi 26 ke jiranki, kowanne ya haura shafi 300. Don me za ki koma ki sake karanta abin da kika riga kika gani? A farkon littafin akwai jerin sunayen mutane da taƙaitaccen abin da ya gabata, ya wadatar.

Anti Rabi: Bashir, ban yarda ba, kuma ga dalilina. Littafin da bakin Myne aka rubuta shi, ita ce mai cewa "na yi, na gani". Yarinyar nan kuwa ba ta ganin komai in ba littafi ba. Za ta aikata abin da zai girgiza kasuwa ko haikali, ta ba ka labarinsa kamar ba a yi komai ba. Abin da ke gyara wannan shi ne gabatarwa da rufewar littafin, da gajerun labaran da ake sawa a ƙarshensa, waɗanda aka rubuta da bakin wasu: Lutz abokinta, Tuuli yayarta, Gunther mahaifinta, Benno ɗan kasuwa, Otto abokin aikin Gunther, Freida ƙawarta, Ferdinand babban malamin haikali. A can ne za ka ga tsoron da take ba mutane, da irin wahalar da suke sha wajen rufa mata asiri. Yawancinsu anime bai ɗauka ba. Wanda ya tsallake su zai shiga Sashe na 3 ya san abin da ya faru, amma bai san yadda mutanen suka ɗauke shi ba, alhali a kan haka aka gina duk abin da ke gaba.

Bashir: Anti, ai anime bai yi gaggawa ba. Ki raba: littafi 3 a kashi 14, littafi 2 a kashi 12, littafi 2 a kashi 10. Kusan kashi biyar-biyar ne kowane littafi. Akwai labaran da ake cusa littafi guda a kashi uku.

Nura: Lissafin Yaya Bashir daidai ne, amma a ƙarasa shi. Kowane kashi minti 24 ne, in an cire waƙar buɗewa da ta rufewa saura wajen minti 20. Kashi biyar ke nan minti 100. Littafi mai shafi sama da 300 a cikin awa ɗaya da minti arba'in. Dole a yar da wani abu, kuma abin da ake fara yarwa shi ne ciniki da bayanin aiki, tunda su ne ba su da motsi a ido. A wani labarin ba asara ba ce. A wannan kuwa ciniki da aikin hannu su ne naman miyar.

Misali kuɗin ƙasar labarin, da ake lissafawa da lyon. Ƙaramin tagulla lyon 10 ne, matsakaici 100, babba 1,000. Ƙaramar azurfa 10,000, babba 100,000. Ƙaramin zinariya miliyan 1, babba miliyan 10. Kowane mataki ninki goma. In ka riƙe wannan, duk farashin da Benno ya faɗa za ka iya auna shi da albashin Gunther, wanda Otto ya ce fallen takardar fata guda ya kai kusan abin da Gunther ɗin yake samu a wata. A anime lambobin wucewa kawai suke, ba ka da lokacin da za ka tsaya ka ji nauyinsu.

Bashir: Na ji wannan. Amma ku faɗa mata gaskiya game da littafi na farko. Myne a can mai son kanta ce ƙwarai, tana ƙyamar gidan, tana ƙyamar ƙazantar garin, ba ta ɗauki Effa da Gunther iyaye ba tukuna. Anime ya sassauta halin. Kuma tafiyar a hankali take, tana ta neman abin da za ta yi littafi da shi: saƙar ciyawa, allon yumɓu, fallen itace, duk su lalace. Nan ne masu karatu da yawa ke ajiyewa. Gara ta ɗora daga inda zuciyarta ke tafasa, in ta kamu ta dawo baya da kanta.

Anti Rabi: Son kan nan da gangan aka sa shi. Urano Motosu, wadda ta zama Myne, babbar mace ce da ta kusa fara aikin ɗakin karatu, littattafai suka rufto mata ta mutu, ta farka a jikin yarinya 'yar shekara biyar mai ciwo, a gidan da ko takarda babu. In ba ka ga yadda ta raina su da farko ba, rabuwar da Sadiya ta kalla a kashi na 36 rabin zafinta ka ji. Kuma marubuciyar nan ba ta yar da abin da ta shuka. Kwangilar sihiri da aka sa wa hannu da jini a shagon Benno, maƙeri Johann, kafinta Ingo, Heidi mai tawada, masu girki Hugo da Ella, jarumi Damuel, kada ki ɗauka 'yan rakiya ne. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Mai gudanarwa: Anti, kin tsaya daidai kan iyaka. Kada a ƙara.

Malam Habu: Akwai hanyar tsakiya. In kuɗi ko lokaci ba su kai littafi bakwai ba, ki fara daga Sashe na 2 littafi na 3. Zango na uku ne ya fi matsuwa, don a littattafan nan biyu abubuwa suka taru: rikicin ƙungiyar masu tawada, zuwan Sylvester, haihuwar Kamil, jariri Dirk, makircin Bezewanst da Bindewald. Su ne kuma ƙofar Sashe na 3. Littafi biyu kawai aka ƙara miki, amma za ki shiga da ƙafar dama. Ni dai ra'ayina yana wajen Anti Rabi: daga farko ya fi.

Sadiya: Na gode ƙwarai. To manga fa? Ba wanda ya taɓo ta.

Zainab: Manga tana da kyau, amma ba ita ce hanyar sanin ƙarshen labari ba. Suzuka ce ta zana Sashe na 1 a mujalladi 7, ta ci gaba da Sashe na 2. Da aka ga in an jira mutum ɗaya ba za a gama ba, sai aka ba Ryo Namino Sashe na 3, aka ba Hikaru Katsuki Sashe na 4, aka riƙa zana su lokaci guda tun ba a kammala na baya ba. Matsalar da hakan ke haifarwa biyu ce. Za ki bi wani sashe ki tarar zanen ya tsaya a tsakiya, ki tsallaka na gaba ki faɗa cikin sakamakon abin da ba ki karanta ba. Na biyu, fuskoki suna sauyawa daga hannu zuwa hannu, sai kin ɗan jima kafin ki sake gane mutane.

Inda manga ta fi kowa shi ne aikin hannu. Littafi zai ce sun haɗa katakon tace takarda, sai ki yi ta ƙoƙarin kwatanta shi a ranki. Anime zai nuna shi daƙiƙa uku. Manga za ta ajiye miki shi a shafi, ki kalla har ki gane. Haka ƙwalliyar gashi da aka saƙa da zare, haka tsarin gidajen unguwar talakawa masu hawa da yawa. Sashe na 1 na manga a kammale yake, ba ya sauri, don haka wanda littafi na farko ya yi wa nauyi zai iya bi ta nan. A tuna daga dama zuwa hagu ake karantawa, daga sama zuwa ƙasa, har kumfar maganganu.

Nura: A ƙara da maganar inda ake samu. Kamfanin J-Novel Club ne ke da fassarar Turanci ta littafin da ta manga, an kuma gama fassara littafi 33 ɗin, ba sauran jira. Anime yana shafin kallo na Crunchyroll. Abin da zan hana shi ne bin asalin rubutun intanet ta fassarar na'ura. Japananci yana yawan barin mai aikatawa ba a ambata ba, sai na'ura ta cike da "shi" ko "ita" yadda ta ga dama, kuma suna ɗaya zai fito da rubutu uku a babi guda. A labarin da ke da mutane ɗaruruwa masu dogayen sunaye irin na Jamus, wannan ɓata ne. Sannan bugun littafi yana da gyara da ƙarin gajerun labarai da babu su a rubutun intanet.

Kabiru: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Takardar da Myne da Lutz suka yi a bakin kogi, da gaske haka ake yi ko sihirin labari ne? Itacen volrin da trombe dai na san ƙirƙira ne.

Malam Sani: Itatuwan ƙirƙira ne, aikin kuwa na gaske ne daga farko har ƙarshe. Washi ce, takardar hannu ta Japan, wadda UNESCO ta sa cikin al'adun da ake karewa a 2014. Su da ɓawon itacen kozo, mitsumata ko gampi suke yi. Ba katakon ake amfani da shi ba, farin ɓawon ciki ne, wanda ke tsakanin baƙin ɓawo da itacen.

Ana yanko rassa 'yan shekara guda, a daddatsa su daidai tsawon tukunya, a turara su a madambaci awa ɗaya zuwa biyu. Ana saukewa a watsa ruwan sanyi a ɓare tun da ɗumi. In aka bari suka huce, ɓawon zai sake manne wa itacen, ya riƙa tsinkewa guntu-guntu. Wannan ɓawon ana iya shanya shi a ajiye. Ranar aiki a jiƙa shi ya kwana, a kankare baƙin da wuƙa har fari ya bayyana. Duk baƙin da aka bari zai fito ɗigo-ɗigo a takardar.

Daga nan sai dahuwa da ruwan toka, kamar yadda suka yi a labarin. Amfaninsa narkar da abin da ya haɗe zaruruwan, ya bar su su kaɗai. Masu yi yanzu da garin soda na wanki suke yi, kashi 20 cikin 100 na nauyin busasshen ɓawo, wato giram 20 ga giram 100, a wuta marar ƙarfi awa biyu zuwa uku. Gwajinsa ka ɗauki sili ka ja da yatsa: in ya rabu cikin sauƙi ya nuna, in yana gardama a ƙara lokaci. In aka zarce kuma zaren ya yi rauni. Kada a dafa a tukunyar dalma, ruwan toka yana cin ta. A nemi ƙarfe marar tsatsa.

Kabiru: Malam, to dukan da Lutz ya yi ta yi da sanda fa? Ba za a iya zuba shi a injin markaɗe a huta ba?

Malam Sani: Za a samu takarda, amma ba irin wannan ba. Wuƙar inji yanka zare take yi, sanda kuwa warware shi take ba ta gajarta shi ba, kuma ƙarfin washi daga tsawon zare yake. Kafin dukan ma akwai ɗauraya sosai da tsince datti da hannu cikin ruwan sanyi, wanda shi ne aikin da ya fi cin rai. Sai a ɗora a kan faffaɗan katako ko dutse a yi ta bugu har ya zama kamar auduga. Ka ɗebi kaɗan ka jefa a kwalbar ruwa ka girgiza. In ya watsu kamar hazo ya yi. In akwai dunƙule a koma bugu.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne mataki na gaba. Ba a zuba zaren a ruwa zalla, sai an haɗa da yauƙi. A labarin Myne ta nemi madadinsa a 'ya'yan edile da wasu ƙwari. A Japan daga saiwar tororo-aoi ake samunsa, shi kuwa wannan tsiro ɗan gidan su kuɓewa ne, jinsinsu ɗaya. Saboda haka yauƙin kuɓewa yana yin aikin. A yayyanka ɗanya, a jiƙa a ruwan sanyi ta kwana, a tace da ƙyalle. Mutane suna zaton manna takardar yake yi. Ba haka ba ne. Aikinsa hana zaren dunƙulewa da rage saurin zubar ruwa, don a samu lokacin jujjuya matacin. In ya yi kaɗan, ruwa zai tsiyaye nan take, takardar ta fito wani wuri kauri wani wuri rami. In ya yi yawa, ruwan ya ƙi sauka.

Zainab: Shi ya sa ake cewa aikin sanyi ne ko?

Malam Sani: Shi ne. Zafi yana kashe yauƙin, ya tsinke ya koma ruwa. Don haka a Japan da hunturu ake yin mafi kyawunta, kuma wahalar ruwan kogi mai sanyi da kuka ga Lutz yana sha ba ƙari ba ne. Wanda zai gwada a nan ya bari sai hunturu, da sassafe, da ruwan randa, ya haɗa yauƙin da zai ƙare a ranar.

Matacin shi ake kira suketa: katako mai murfi, da shimfiɗar siraran tsinkayen gora da aka saƙa da zare a tsakiya. A ɗebo ruwan, a jujjuya gaba da baya, a watsar da ragowar ta gaba, a sake ɗebowa sau uku ko huɗu gwargwadon kaurin da ake so. A cire shimfiɗar a kifa fallen a kan na baya, a sa zare a gefen kowanne don a samu bakin ɓarewa. A bar tarin ya tsiyaye ya kwana, sannan a ɗora nauyi kaɗan-kaɗan. Wanda ya ɗora babban dutse lokaci guda, fallayen za su fashe ko su manne su zama guda. Washegari a ɓare ɗaya-ɗaya, a shafe su a jikin katako mai santsi da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, a jingine a rana.

Ku lura a labarin abin da ya tsayar da yaran nan ba ilimi ba ne, kaya ne: tukunya, madambaci, toka, tsinkayen gora masu kauri ɗaya. Toka ma ba a ba su kyauta ba, don gida na da amfani da ita. Sai da Myne ta sayar wa Benno sirrin haɗa rinsham, man wanke gashi, kafin kayan suka samu. Wannan shi ne abin da nake girmama labarin a kai.

Kabiru: Da wane ɓawo za a gwada a wajenmu?

Malam Sani: Rama. Ɓawonta da ake igiya da shi ana takarda da shi, kuma ba ya buƙatar turarawa in ɗanye ne, da hannu yake ɓaruwa. Zarenta bai kai na kozo tsawo ba, don haka takardar ba za ta kai waccan ƙarfi ba, amma za ta yi. A fara da giram 100 da ƙaramin mataci kamar girman tafin hannu biyu, kamar yadda yaran suka fara da ƙarami. Abu ɗaya: irin wannan takarda tana shan ruwa, in ka rubuta da tawadar allo za ta baje. Sai an shafa mata ruwan sitaci marar kauri, ta bushe, a goge ta da dutse mai santsi. Haka masu yin takarda na ƙasashen Musulmi suka riƙa yi.

Malam Habu: Tunda an zo nan, ga abin da ya shafe mu. Malamanmu na ƙarni na 19 suna da tawada, suna da alƙalami, suna da marubuta, amma takardar shigo da ita ake yi ta Sahara. Da yawa daga rubuce-rubucen wancan zamani a kan takardar Italiya suke, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta a haske. Don haka tsadar takarda da ta sa Otto ya koya wa Myne haruffa a kan allon dutse ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san dalilin wanke allo.

Nura: Malam Sani, allon yumɓun da ya fashe a murhu fa? Me ya jawo?

Malam Sani: Danshi. Yumɓu yana iya bushewa a waje, cikinsa da sauran ruwa. In wuta ta same shi da sauri, ruwan ya zama tururi, ba shi da mafita, sai ya tarwatsa shi. Allo mai kauri ya fi tukunya haɗari don cikinsa ya fi jinkirin bushewa. Magina suna cakuɗa yumɓu da yashi ko dakakken tsingaro, su shanya kwanaki a inuwa kafin rana, su fara da wuta kaɗan. Myne ta karanta cewa mutanen Mesofotamiya sun yi rubutu a yumɓu, amma ba ta san aikin magini ba.

Zainab: Haka ma tawada a Sashe na 2. Tawadar allo da ake yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, ta ruwa ce, alƙalami take wa aiki. In aka shafa irinta a harafin ƙarfe ba ta kama shi, taruwa take ɗigo-ɗigo. Shi ya sa Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin buga littafi a Mainz ta Jamus wajen 1450, ya yi amfani da ta mai, kuma ita Myne ta bi: kunkunniya da man 'ya'yan lilin, a niƙa a kan dutse mai santsi har ta yi danƙo ba tsakuwa. Man ma ba kowanne ba. Na lilin yana daskarewa in ya sha iska. Man gyaɗa ba ya bushewa, zai bar da'irar maiƙo a gefen kowane harafi ya ɓata shafin da ke kusa. Sannan ba ta faɗa kan injin bugu kai tsaye ba. Ta gwada sassaƙa a katako bai ba ta abin da take so ba, ta koma yanke zane da haruffa a takarda mai kauri ana bi da tawada ta sama, da haka aka buga littafin yara na farko a gidan marayu. Haruffan ƙarfe na Johann daga baya suka zo. Anime ya nuna matakan, amma dalilin barin kowane mataki a littafi yake.

Hajiya Binta: Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata ta iyaye ce: ya dace a ba yara?

Anti Rabi: Hajiya, zan faɗa miki yadda yake ki yanke da kanki. Ba labarin tsiraici ba ne, ta wannan ɓangaren yana da kamun kai fiye da yawancin irinsa. Amma ginshiƙinsa mutum ya mutu ya farka a wata duniya, kuma duniyar tana da alloli da yawa, da haikali, da addu'o'insu da ake maimaitawa. Ƙirƙira ce, sai dai tun daga Sashe na 2 tana cikin kusan kowane babi, don haka yaro ƙarami yana buƙatar babba kusa da zai bambance masa. Akwai kuma abubuwa masu nauyi: marayun da aka bari da yunwa a ƙarƙashin ginin haikali, yadda manyan haikali masu shuɗiyar riga ke cin zarafin mata masu hidima masu riga ruwan toka, yarinya kamar Freida da ta ɗaura alƙawarin rayuwarta da wani basarake don ta samu kayan da zai hana ciwonta kashe ta. Ba a nuna su da ƙazanta, amma ba a ɓoye su ba. Zangon farko ya fi sauƙi. Daga na biyu zan ce sai matasa, kuma ki fara kalla da kanki.

Hajiya Binta: Na gode, Allah ya saka. Haka nake son a yi mini bayani.

Sadiya: Na yanke shawara. Zan fara da littafi na 1, in ya yi mini nauyi in bi Sashe na 1 ta manga, sannan in koma littafi daga Sashe na 2. Yaya Bashir ka yi haƙuri.

Bashir: Ba komai ƙanwata, har yanzu ina kan bakana, amma tsarin naki ba laifi. Ki dai kula wajen saye. Littafi da manga duk "Part 2 Volume 1" aka rubuta musu, kuma ba wuri ɗaya suke a labari ba: littafin Sashe na 1 guda 3 ne, mangarsa 7. Ki duba sunan mai zane a bango. In You Shiina ne kaɗai tare da marubuciyar, littafi ne. In kin ga Suzuka, Ryo Namino ko Hikaru Katsuki, manga ce.

Malam Habu: Sai kuma abin da za ki kauce wa. Kada ki kalli bangon littattafan Sashe na 4 da na 5, kada ki karanta bayanin da ke bayansu, don suna tonawa. Kada ki rubuta sunan kowa a wurin bincike, musamman Ferdinand, layin farko ma zai ɓata miki. Littafin Royal Academy Stories: First Year ki bar shi sai kin yi nisa a Sashe na 4. Tarin gajerun labarai da littattafan tambaya da amsa na masoya su ma suna taɓo gaba, ki duba inda kowanne ya tsaya kafin ki buɗe. Gajerun kashi biyun nan kuwa kina iya kallonsu yau, tsakanin kashi na 14 da na 15 suke.